Filin Tambaya da Amsa: Atam, Ka'idar Kwantam, da Inda Gardama Ta Tsaya

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda: ina ƙarshen ƙanƙantar abu, kuma me ka'idar kwantam, wato ka'idar fiziks da ke bayanin halin ƙananan abubuwa irin su atam, take faɗa game da shi? Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. A karatun tauhidi malaminmu ya yi mana bayanin jauharul fardi, yankin da ba ya ƙara rabuwa. A boko kuma an koya mana atam. Shin abu ɗaya ne? In haka ne, ashe malamanmu sun riga Turawa ke nan? (Wani ɗalibi, Damagaram)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayar da suka sa a gaba ɗaya ce, amma amsoshin sun sha bamban, haka ma hanyar da kowa ya bi.

Gardamar tsohuwa ce ƙwarai. A ƙasar Girka, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Demokiritus mutumin Abdera ya koyar da cewa babu komai a duniya sai ƙwayoyi marasa rabuwa da sararin da suke yawo a ciki. A wurinsa ƙwayoyin nan ba su da farko, kuma sun bambanta a siffa da girma. Aristotal ya ƙi, ya ce duk abin da ke da tsawo ana iya ci gaba da raba shi har abada, kuma babu sarari fanko.

Malaman kalam na Basra da Bagadaza sun ɗauki batun tun ƙarni na 9. Abul Huzail al-Allaf ya kafa hujja da tururuwa a kan takalmi: in takalmin yana da sassa marasa iyaka, yaya za ta ƙetare shi cikin lokaci mai iyaka? Ɗalibinsa Nazzam ya saɓa masa, ya ce babu yanki na ƙarshe, mai tafiya tsallake yake yi daga wuri zuwa wuri. Daga baya malaman Ash'ariyya, musamman Baƙillani wanda ya rasu a 1013, suka gina ginshiƙi a kan jauhari. Sai dai nasu ba irin na Demokiritus ba ne: halittacce ne, ba shi da launi ko motsi na ƙashin kansa, sifofin da ke hawa kansa kuma ba sa ɗorewa, Allah ne ke sabunta su. Wanda ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi a zaure ya ji ƙamshin wannan tunani a inda aka kafa hujjar faruwar duniya da motsi da tsayuwa da ba sa rabuwa da jikkuna.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi musu raddi mai ƙarfi. Ya ce a jera jauhari uku. In na tsakiya ya hana na gefe biyu taɓa juna, to yana da ɓangaren dama da na hagu, ke nan ya rabu. In bai hana ba, sun shige cikin juna, tarinsu ba zai taɓa yin tsawo ba.

Atam na ajin kemistiri kuwa daga sikeli ya fito. John Dalton a Ingila, cikin littafinsa na 1808, ya dogara da irin wannan lura: giram 12 na kabon yana haɗuwa da giram 16 na iskar oksijin ya ba da iska ɗaya, ko da giram 32 ya ba da wata, babu tsaka-tsaki. Kuma wannan atam yana rabuwa. An gano ilektoron, wata 'yar ƙwaya mai cajin lantarki da ke cikin atam, a 1897, Rutherford ya nuna a 1911 cewa kusan duk nauyin atam yana cikin wata cibiya da faɗinta ya gaza na atam ɗin sau dubun dubata, an kuma fasa cibiyar yuraniyam a 1938. Saboda haka atam bai cika sharaɗin jauharul fardi ba. Shi ilektoron har yau ba a ga alamar sassa a cikinsa ba, amma za ka ga a amsoshin ƙasa cewa halinsa bai yi kama da abin da ɗayan ɓangarorin nan ya zata ba. Shawararmu ita ce a karanta malaman kalam don darajar hujjojinsu, kada a rataya aƙida a jikin sakamakon ɗakin gwaji, wanda gobe sabon awo zai iya gyara shi.

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a sakandare. Kullum sai ɗalibai sun ce, tunda ba a ganin atam, ta yaya aka san akwai shi? Muna da madubin likita guda biyu. Akwai abin da zan nuna musu? (Wata malama, Katsina)

Amsa: Malama, ɗalibanki sun yi tambayar manya. Har farkon ƙarni na 20 akwai gaggan masana da ba su yarda ba. Ernst Mach na Ostiriya yana ganin aikin kimiyya shi ne tsara abin da gaɓɓai suka riska, atam kuwa dabarar lissafi ce kawai. Wilhelm Ostwald na Jamus ya so a gina komai a kan makamashi. Ludwig Boltzmann ya tsaya kai da fata cewa zafi da matsin iska motsin ƙwayoyi ne na haƙiƙa, har suka yi zazzafar muhawara da Ostwald a taron Lubek na 1895. Boltzmann ya rasu a 1906, dab da zuwan hujjar da za ta gaskata shi.

Hujjar tana cikin abin da za ki iya nunawa. A 1827 Robert Brown ya ga 'yan ƙananan ɓarɓashi daga garin fure suna rawa a ruwa ba tsayawa. A 1905 Einstein ya ce ƙwayoyin ruwa ne ke dukansu ta kowane gefe, dukan ba ya daidaita. Ya kuma ba da lissafin da za a gwada: nisan da ɓarɓashi zai kauce daga inda ya fara ba ya ninkuwa daidai da lokaci, sai lokaci ya ninka huɗu kafin nisa ya ninka biyu. Ga ɓarɓashi mai faɗin maikuron 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, a ruwa mai zafin digiri 17, ya samu kusan maikuron 6 a minti ɗaya.

Ki ɗiga madara ɗigo ɗaya cikin rabin kofi na ruwa mai tsabta, ki motsa har ruwan ya yi ɗan hazo kawai. Ki sa ɗigo ƙarami a kan gilashin gwaji, ki zagaye shi da siririn layin basilin, ki ɗora murfin gilashi ki danna a hankali har ya like. Ki bar shi minti biyar ya natsu. Ki fara da ƙaramin ido ki samo wurin, sannan ki koma ninki 400, ki rage haske ta ƙasa don ƙwayoyin maiƙon su fito. Ƙananan su ne za ki ga suna karkarwa, kowace ta nufi inda ta ga dama. Manyan kusan a tsaye suke.

Inda ake samun matsala uku ne. In kika ga duka suna tafiya gefe guda, wannan kwarara ce, ruwa na ƙafewa ta bakin murfin ko fitila ta ɗumama shi. A gyara likin. In madara ta yi yawa, ba za a ga komai ba sai fari. In kuma aka saita ido a kan fuskar gilashin, za a ga waɗanda suka manne ba sa motsi, sai a ɗan ɗaga zuwa tsakiyar ruwan.

Ki gaya musu gaskiya cewa ba atam suke gani ba, sawun dukansa suke gani. Abin da ya rufe gardamar shi ne ƙirge. Daga 1908 Jean Perrin a Paris ya yi watanni yana tace ƙwayoyin wani ƙaro har suka zama girma ɗaya, yana alamta wurin kowace bayan daƙiƙa 30. Da lissafin Einstein ya fitar da adadin ƙwayoyin da ke cikin giram 18 na ruwa, ya samu kusan 7 da sifili 23 a bayansa. Adadin da aka tsayar yau 6.022 ne a wannan ma'auni. Ya kuma nuna cewa hanyoyi sama da goma da ba ruwan wata da wata, har da shuɗin sararin sama da ƙirgen abin da radiyam ke fitarwa, duk suna kaiwa kusa da wannan adadi. Da wuya abin da babu shi ya ƙirgu ta hanya goma ya ba da amsa ɗaya. Ostwald ya sallama a bugun littafinsa na 1909. Mach ya rasu a 1916 bai sauka daga ra'ayinsa ba.

Tambaya: Na ga wani bidiyo ana cewa ilektoron yana sanin in mutum na kallonsa, sai ya canja hali, wai wannan ya nuna tunanin mutum ne ke samar da duniya. Gaskiya ne? (Wani mai gyaran waya, Kaduna)

Amsa: Gwajin da suke nufi gaskiya ne, fassarar ce ta wuce gona da iri.

Ana harba ilektoron zuwa wani shinge mai tsaga biyu, a bayansa akwai allo. Kowane ilektoron yana sauka a wuri ɗaya, ɗigo guda. Amma in ɗigon suka taru sai su jeru layi-layi, wuri mai yawa, wuri babu ko ɗaya. Wannan zane na igiyar ruwa ne: inda tudun igiya ya haɗu da tudun wata sai su ƙaru, inda ya haɗu da kwarinta sai su kashe juna. Claus Jönsson ya yi gwajin a Jamus a 1961. A 1989 ƙungiyar Akira Tonomura a kamfanin Hitachi na Japan ta yi shi da siririyar waya mai raba hanya biyu, ilektoron ɗaya bayan ɗaya, ta yadda babu biyu a cikin na'urar lokaci guda. Ɗigon farko kamar an watsa su barkatai, sai da suka kai dubun dubata layukan suka fito. Abin da ke ɗaure kai shi ne akwai wuraren da ilektoron ke sauka in tsaga ɗaya ce a buɗe, amma in aka buɗe ta biyu sai ya daina sauka a wurin.

In aka sa na'urar da za ta nuna tsagar da ya bi, layukan sai su ɓace. A nan masu bidiyo ke shigo da idon mutum. To amma ba a buƙatar mutum. A Biyana ta Ostiriya an nuna layukan a 1999 ta hanyar harba 'yan ƙwallayen kabon masu atam 60 a maimakon ilektoron. A 2004 aka maimaita da mai atam 70, ana gasa ƙwallayen da hasken leza kafin su shiga. Da suka yi zafi sai suka riƙa fitar da ɗan haske a hanya, hasken kuma yana ɗauke da labarin inda suke. Gwargwadon ƙarin zafi, gwargwadon dusashewar layukan, alhali babu wanda ya kalli wannan haske, bangon na'urar ne ya shanye shi. Haka ma in aka bar 'yar iska a cikin bututun ƙwallayen suka yi karo da ita. Sharaɗin shi ne labarin hanyar ya fita zuwa wani abu a duniya, ko da mai karantawa ko babu.

Kana iya ganin irin layukan da haske a shagonka. Ka samu 'yar tocilar leza ja, tazarar tudu zuwa tudu na igiyar haskenta nanomita 650 ce, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ka miƙar da silin gashi ɗaya a tsaye, ka manna shi a bakin tocilar da salatif, ka ɗaure ta a kan tebur, ka haska bango mai nisan mita 3 a ɗaki mai duhu. Za ka ga ɗigogi sun jeru a kwance. In kaurin gashin milimita 0.07 ne, tazarar duhu zuwa duhu za ta kai kusan santimita 2.8, siririn gashi ya fi ba da tazara mai faɗi. In ba ka ga komai ba, ko gashin bai ratsa tsakiyar hasken ba, ko ɗakin bai yi duhu ba. Kada a haska idon kowa. Wannan dai ya nuna ɗabi'ar igiya ce ta haske kawai, ɓangaren ɗigo ɗaya-ɗaya sai da na'ura mai tsada.

Tambaya: Tsakanin Einstein da Bohr wa ya yi nasara? (Wani ɗalibin fiziks, Zariya)

Amsa: Sun fafata a kan ka'idar kwantam a tarukan masana fiziks na Solvay a Brussels a 1927 da 1930. Ka'idar tana ba da kason yiwuwa ne kawai, kamar yadda Max Born ya nuna a 1926, ba ta faɗin inda wannan ilektoron zai sauka. Einstein ya ce to ka'idar ba ta cika ba. Niels Bohr ya ce ta cika, ba a maganar sifar abu sai tare da na'urar da aka auna shi da ita.

A 1935 Einstein da Podolsky da Rosen suka kawo hujjarsu mafi ƙarfi. Ana iya samar da ƙwayoyi biyu a sarƙe, a raba su nesa, awon ɗaya ya gaya maka sakamakon ɗayan. A ganin Einstein wannan kamar takalmi ne ƙafa biyu da aka sa a jaka biyu, ɗaya ta tafi Kano ɗaya Agadas: in ka buɗe ka ga na dama, ka san na hagu ne a can, ba wani abu da ya yi tafiya, tun daga gida aka raba. In ka'idar ba ta san da wannan rabo ba, to akwai giɓi.

Shekara kusan talatin ana ɗaukar batun a matsayin falsafa, sai John Bell ya nuna a 1964 cewa ana iya aunawa. Ga yadda lissafin yake. A samar da ƙwayoyin haske biyu-biyu, wato foton, ɗaya ya nufi hagu ɗaya dama. A kowane gefe akwai matacin haske irin na tabarau mai kashe ƙyalli, foton ko ya wuce ko a tare shi. In matatan biyu suna fuskantar kusurwa ɗaya, sakamakon kullum iri ɗaya ne. A juya na hagu digiri 30: sai a samu saɓani 25 cikin 100. A mayar da shi, a juya na dama digiri 30 ta ɗaya gefen: nan ma 25. To a juya duka biyun, tsakaninsu ya zama digiri 60. In kowane foton ya taho da amsarsa daga gida, kuma bai san abin da aka yi wa mataci na nesa ba, juyin hagu ya canja 25, juyin dama ya canja 25, saɓanin ba zai wuce 50 ba ko ana ha-maza-ha-mata. Ka'idar kwantam ta ce 75.

Freedman da Clauser sun yi gwaji irin wannan a Berkeley a 1972, sakamako ya bi kwantam. Masu shakka suka nuna ƙofofi biyu. Ta farko, an saita matatan tun kafin foton su tashi. Alain Aspect ya fara magance wannan a Orsay ta Faransa a 1982, yana sauya saiti foton suna kan hanya. Ta biyu, na'urori na rasa yawancin foton, wataƙila waɗanda aka kama ba sa wakiltar sauran. A 2015 aka rufe ƙofofin biyu lokaci guda, ciki har da gwajin Delft a Holand da ilektoron biyu a cikin lu'ulu'u masu tazarar kilomita 1.3. Aspect da Clauser da Anton Zeilinger suka karɓi kyautar Nobel a 2022.

Don haka bayanin takalmi ya faɗi, a nan Einstein bai yi daidai ba. Amma a ra'ayinmu ba adalci ba ne a ce Bohr ya cinye duka. Einstein ne ya ɗora yatsa a kan ainihin wurin da ka'idar ta saɓa wa hankalin yau da kullum, kuma daga tambayarsa gwajin ya fito. Amsar da Bohr ya rubuta a 1935 har yau masana na ja-in-ja a kan me take nufi.

Tambaya: Ke nan ana iya aika saƙo da ya fi haske sauri? (Wata mai karatu, Kumasi)

Amsa: A'a, Hajiya. Mai awo a kowane gefe ba ya iya zaɓar sakamakon da zai samu, rabi wucewa rabi tarewa yake gani ba tsari, ko me aka yi a can. Daidaituwar ba ta bayyana sai an haɗa takardun gefe biyu an gwama, haɗa su kuwa sai ta waya ko wata hanyar da ba ta wuce saurin haske.

Tambaya: In lissafin yana aiki, to a kan me masana ke gardama har yanzu? (Wani malamin jami'a mai ritaya, Sakkwato)

Amsa: Ranka ya daɗe, lissafin kam ba a jayayya a kansa. Ƙarfin maganaɗisun ilektoron da aka lissafa da wanda aka auna sun dace har fiye da lamba goma, kuma da wannan ka'ida aka ƙera tiransista da leza. Matsalar ita ce ka'idar tana tafiya da doka biyu. Ta Schrödinger ta 1926 ta ce abu na iya kasancewa cikin haɗakar hali biyu, haɗakar kuma tana yaɗuwa zuwa duk abin da ya taɓa shi. Doka ta biyu ta ce in aka yi awo, sakamako ɗaya ake samu. To na'urar awo ita ma atam ce. A ina doka ta farko ke tsayawa ta biyu ta karɓa? Kyanwar da Schrödinger ya kawo misali da ita a 1935, wadda lissafi ke cewa tana raye kuma ta mutu, ya kawo ta ne don nuna akwai gyara, ba don ya yarda da haka ba. Fitar labari zuwa muhalli da muka bayyana a sama ya warware dalilin ɓacewar layuka, amma bai faɗi dalilin da sakamako ɗaya ke tabbata ba.

Kowace mafita da kuɗinta. Mabiya Bohr sun ce ka'idar hanya ce ta hasashen sakamakon awo, kada a nemi hoton abin da ke faruwa tsakani. Sun bar kalmar awo ba iyaka. David Bohm a 1952 ya farfaɗo da tunanin wani masanin Faransa, de Broglie: ƙwaya tana da wuri a kowane lokaci, igiya ce ke jagorantarta, babu sa'a ko kaɗan. Farashin shi ne abin da aka yi a nan yana shafar na nesa nan take, ga wahalar daidaita ta da ka'idar Einstein ta saurin haske. Wannan ma ya isa ya nuna gwajin Bell bai tabbatar da cewa duniya kan sa'a take tafiya ba, kamar yadda ake yawan rubutawa. Hugh Everett a 1957 ya jefar da doka ta biyu, ya ce duk sakamakon suna faruwa a rassa daban-daban. Sai ya rage masa ya bayyana me kashi 75 cikin 100 ke nufi in komai na faruwa.

Waɗannan ukun hasashensu ɗaya ne a duk gwajin da ake iya yi yau, shi ya sa awo bai raba gardamarsu ba. Ta huɗun daban take. Ghirardi da Rimini da Weber sun ba da shawara a 1986 cewa haɗakar tana rushewa da kanta: ga ƙwaya ɗaya, sau ɗaya cikin shekara miliyan ɗari ko fiye, amma ga abu mai ƙwayoyi tiriliyoyin tiriliyoyi, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Wannan gyara ne ga lissafin kansa, don haka ana iya kama shi. In rushewar gaskiya ce, za ta riƙa girgiza ƙwayoyi masu cajin lantarki su fitar da ɗan haske mai ratsa jiki irin na hoton asibiti. An nemi wannan haske a ɗakin gwajin Gran Sasso na Italiya, ƙarƙashin dutse mai kaurin kusan mita 1,400, da na'urar jamaniyam da aka killace da tagulla da dalma. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya kore mafi sauƙin sigar ra'ayin Diósi da Penrose, mai danganta rushewar da ƙarfin jan nauyi. Sauran sigogin an matse musu fili amma ba a kore su ba, kuma ana ci gaba da gwada haɗakar hali a kan abubuwa masu ƙarin girma: a 2019 ƙungiyar Biyana ta ga layukan da ƙwayoyi masu atam kusan 2,000.